Kalandar Baba da Katin Injiniya

'Yan uwana masu karatu, ku gyara zama. Na ga saƙonninku, da masu cewa in haƙura da shi, da masu cewa in tattara in bi shi ƙasarsu, har da baiwar Allahn da ta ce in ba ta lambarsa tunda ni na kasa. Na gode muku duka. Lambar dai ba zan bayar ba. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, bari in ɗauko masa zancen daga tushe, a hankali, yadda nake yi wa 'yan ajina.

Ni malamar firamare ce, 'yan aji ɗaya nake koyarwa, waɗanda har yanzu sukan manta su kira ni Mama. Gidanmu bene ne. A ƙasa maɗaba'ar Baba take, inda ake buga katin gayyata da takardun talla da kalanda. Mu muna hawan tsakiya, ni da Baba da Umma, sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo jinyar gwiwa ta ɗan lokaci. Gwiwar ta warke tuntuni, Gwaggo tana nan. A can sama akwai ɗaki da falo da Baba yake ba da haya, a nan Injiniya yake.

Injiniya shi ne mai kula da na'urorin wankin ƙoda a babban asibitin garinmu. Daga wata ƙasa asibitin ya ɗauko shi, saboda masu irin iliminsa ba su da yawa a nan. Harshenmu ɗaya da shi, sai dai yana jan wasu kalmomi kamar ba ya son rabuwa da su. Dogo ne siriri mai tabarau, ko kwalbar ruwa zai buɗe sai ya fara juya ta ya duba ta kowane ɓangare. Abin da ya ba shi damar zama a ƙasar nan wani ɗan kati ne da gwamnati ke ba ƙwararrun baƙi, izinin aiki da izinin zama a haɗe. Katin yana da wa'adi. Idan wa'adin ya matso sai a nemi sabuntawa, su duba ko har yanzu kana aikin da aka kawo ka ka yi, kana kuma zaune inda ka ce kana zaune. In sun gamsu su ba ka sabo. In ba su gamsu ba, ka haɗa kayanka.

Wannan ɗan katin shi ne ya tsaya tsakanina da aure.

Yadda abin ya fara tsakaninmu ba wani abin ba da labari ba ne. A matakala muke haɗuwa da safe, ni da littattafan yara, shi da jakar kayan aiki. Wata rana bayan mun gaisa ya ce mini takalmina na hagu yana ƙara dabam da na dama, dunduniyar ta kusa fita. Na ji haushi, na wuce abina. Kafin in kai bakin titi dunduniyar ta fita. Na dawo ina ɗingishi na jefa takalmin a kwandon shara na gindin matakala. Washegari na tarar da shi a ƙofarmu, an gyara an goge. Sauran kun san yadda yake tafiya.

Da ya sami Baba da maganar aurena, Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce shi ba shi da abin faɗa a kan halinsa, bai taɓa jin hayaniyarsa ba, bai taɓa ganin ya shigo da abin kunya gidan ba. Matsalar ɗaya ce.

"Ko maganin tari zan saya sai na duba ranar lalacewarsa," in ji Baba, "balle mijin 'yata. Ranar da suka ce katin ya ƙare fa? Ta bi ka, ko ta zauna tana kallon waya?"

Tun daga nan maganar ta tsaya cik. Umma tana bayana, amma irin goyon bayan nan na shiru, wanda ba ya wuce ƙara wa Injiniya nama idan za a kai masa abinci sama. Gwaggo kuwa tana da nata ɗan takarar, ɗan wata ƙawarta mai sayar da tayal, wanda a cewarta kakansa ma a layin nan aka haife shi, ba mai tambayarsa kati. Yakan zo gaishe ta. Duk zuwan da zai yi sai ya ƙare wa daɓen falonmu kallo yana girgiza kai. Ni ko sau ɗaya bai kalle ni da irin tausayin da yake kallon daɓen nan ba.

Ana haka Tsohuwa ta tsaya. Tsohuwa shi ne sunan da muke kiran babban injin shagon, don ta girme ni. Ta tsaya ne ranar wata Asabar, ga aikin mutane jibge a kan tebur. Masu gyara suka yi ta zuwa, kowa ya leƙa ya yi tsaki ya ce a sayi sabuwa. Baba ya zauna a kan damin takardu ya yi tagumi. Sai ga Injiniya ya sauko, wai shirun ne ya hana shi hutawa, ya saba da ƙararta. Ya nemi izini, ya kara kunnensa a jikinta, ya ce a kunna, ya ce a kashe, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta. Da ya fito, farar rigarsa ta koma taswira saboda tawada, Tsohuwa kuma tana ta zubo takardu kamar ba ita ba.

Baba ya ɗauko shuɗiyar rigar aiki mai sunan shagon a ƙirji ya ba shi, don kada a sake ɓarnar farar riga. Daga ranar, duk Asabar Injiniya yana ƙasa. Su sha shayi, su yi gardama a kan giris, Baba ya riƙe masa tocila yana ba shi labarin yadda ya sayo Tsohuwa. In ka gan su sai ka rantse uba da ɗa ne. Amma da Umma ta ɗan karkato da hira wajen maganata, sai Baba ya sha mur ya ce gyaran inji dabam, aure dabam.

To, wa'adin katin ya matso. Asibiti ya yi nasa, ya tura duk abin da ake buƙata. Abin da ya rage shi ne wata ma'aikaciya daga ofishin shige da fice za ta zo ta ga inda yake zaune, ta yi magana da mai gidan. Da Injiniya ya faɗa wa Baba, Baba ya shafa gemu, sannan ya tambaya ko abin da mai gida ya faɗa yana da nauyi. Injiniya ya ce yana da shi. Baba ya ce to shi ke nan, a bar masa.

Wannan "a bar masa" ɗin ya kamata ta tsorata ni. Ba ta tsorata ni ba, daɗi ma na ji. Satin nan gaba ɗaya Baba ya rufe kansa a shago, ya hana kowa shiga, wai aikin gwamnati yake yi. Ya sa Umma ta turo masa wani hoto daga wayarta, ta tura ba ta tambayi dalili ba.

Ranar zuwan matar na nemi izini a makaranta. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ga ta yi kama da ta masu zuwa ta'aziyya, na cire. Na sa mai ruwan hoda, Gwaggo ta leƙo ta ce ai ba ni aka zo dubawa ba. Na koma na sa ruwan tokar, na yafa farin mayafi mai ƙananan furanni a baki. Umma ta goge kofunan baƙi, waɗanda suke zaune a kabad tun ina yarinya. Baba ya fito cikin kayansa na zuwa taro, ƙamshin turarensa ya riga shi sauka matakala.

Sai ga saƙon Injiniya ya shigo.

"Na'ura ɗaya ta ƙi tashi, ga mara lafiya yana jira. Zan ɗan makara. Ki gaya wa Baba abin ba wuya. Za ta tambaya ko a nan nake zaune, ya ce eh. Ko ina tayar wa maƙwabta hankali, ya ce a'a."

Na rubuta masa, "Na biyun ƙarya ne. Akwai maƙwabciya ɗaya da ka hana sukuni."

"Wannan ba ta cikin dokar," ya amsa. "Na karanta ta kaf."

Na kai wa Baba saƙon, ban da na ƙarshen. Ya ce ya ji, yana murmushin da ban gane kansa ba.

Matar ta iso da hantsi. Babbar mace ce, za ta yi sa'ar Umma, da takalmi mara tsini da jaka baƙa da 'yar kwamfutar hannu. Fuskarta irin ta mutumin da ya sha jin ƙarya iri-iri har ta daina ba shi haushi. Ta so a hau sama ta ga ɗakin, Baba ya ce sai ta fara shan shayi a shago. Ya sa mata kujera kusa da Tsohuwa. Gwaggo ta sauko da ƙyar tana dafa bango, don gwiwar takan dawo idan akwai baƙi, ta zauna ita ma. Ni na tsaya wajen injin yanka takarda da tire a hannu.

Da farko komai ya tafi daidai. Ta tambaya ko a nan yake zaune, Baba ya ce eh. Ta tambaya ko akwai wani ƙorafi a kansa, Baba ya ce ko kusa. Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da abin rubuta muku. Amma Baba ya gyara murya ya ce shi ya san gwamnati ba ta son baƙo malalaci, mai zuwa ya ci ya kwanta, don haka yana so ta ga irin mutumin da suke da shi. Ya miƙe, ya je bayan kantar shago, ya dawo da wani abu a nannaɗe. Ya warware shi a gabanta da hannu biyu.

Kalandar sabuwar shekara ce ta shagonmu. Baba yana buga ta duk shekara ya raba wa abokan ciniki, kuma hoton Tsohuwa ake sawa. Bana ma ga Tsohuwa, amma a gabanta ga Injiniya tsaye cikin shuɗiyar rigar shago, sifana a hannu, yana dariya. A ƙasan hoton, da manyan baƙaƙe masu ruwan zinare, an rubuta: Babban Injiniyan Maɗaba'armu.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Ban taɓa ganin Baba ya fitar da launi haka ba.

"Asibiti da rana, nan kuma duk Asabar," in ji Baba, bakinsa har kunne. "Wani lokaci har da yamma in ta kama. Aiki biyu yake riƙe da su, ranki ya daɗe. A cikin 'yan ƙasa ma ba ko'ina za ki sami irinsa ba."

Ya ƙara da cewa tun da sassafe ya aika wa mai kantin magani da tela da mai gyaran waya nasu, duk layin nan an rataye. Wannan kuma nata ne, ta kai ofis.

Matar ta ajiye kofin shayinta a hankali. Ta kalli kalandar ta daɗe, sannan ta jawo 'yar kwamfutarta.

"Mai gida, kana biyansa?"

Ku da ba ku san Baba ba, bari in yi muku bayani. A duniya ba abin da Baba ya tsana kamar a ce ya sa mutum aiki bai biya shi ba. Ko ɗan dako ya ɗaga masa kwali daga nan zuwa can sai ya sallame shi. A tambaye shi wannan a gaban baƙuwa, a cikin shagonsa, yana sanye da kayan taro, amsa ɗaya ce za ta iya fita daga bakinsa.

"Ni zan sa mutum aiki in ƙi biyansa?"

Gwaggo ta karɓe ta ce ƙanenta bai taɓa cin gumin kowa ba, a je a tambaya. Matar ta gyaɗa kai tana rubutu. Ni dai ban san me ke faruwa ba, amma na san wannan gyaɗa kan. Shi nake yi idan yaro ya ce mini akuya ce ta cinye aikin gidansa.

A daidai nan Injiniya ya shigo da sallama, yana haki, jakarsa a kafaɗa. Ya gaida matar, ya gaida Baba da Gwaggo, sai idonsa ya sauka a kan kalandar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya nemi damin takardu ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba, abin da bai taɓa yi a gaban Baba ba.

Matar ta yi bayani, ba da faɗa ba. Ta ce katin da ke hannunsa na wuri ɗaya ne da aiki ɗaya. Asibiti ne ya nemo shi, saboda na'urorin asibiti aka ba shi izini. Mai irin wannan kati ba shi da damar yin aiki a wani wuri, ko na awa ɗaya, sai da sabon izini. Wanda aka samu ya yi, ba a sabunta masa, wani lokaci ma ba a jiran wa'adin ya cika.

Na ajiye tiren da ke hannuna a kan injin yanka. Baba ya kalli kalandar, ya kalli Injiniya, ya kalli matar. Na ga fuskarsa ta faɗa a gabana kamar an zare mata wani abu.

Ya ce a dakata, akwai gyara a maganarsa, shi bai taɓa biyansa ba. Matar ta tuna masa cewa yanzun nan ya ce yana biya, yayarsa ma ta shaida. Gwaggo ta ce ita ba ta shaida komai ba, halin ƙanenta kawai ta faɗa, kuma gwiwarta na ciwo.

Umma ce ta kawo ɗauki. Ashe tana tsaye a matakala tun ɗazu. Ta sauko tana gyara mayafi, ta gaida matar, ta ce duka maganganun biyu gaskiya ne. Baban Malama yana biya, yaron ne ba ya karɓa. Duk Asabar sai ya tura ambulan ta ƙarƙashin ƙofarsa, duk Lahadi sai ambulan ɗin ya dawo a ƙarƙashin kwanon da aka kai masa abinci, ko buɗe shi ba a yi ba. Ita take ɗaukewa ta mayar aljihun Baban Malama, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Ambulan ɗaya ne ma yake ta hawa da sauka, har ya yi laushi.

Na ga gefen bakin matar ya motsa, amma ta danne. Ta ce ta yarda da Umma. Sai dai rashin karɓar kuɗi bai kashe maganar ba. Ga rigar shago, ga muƙami da ruwan zinare, ga kasuwanci yana cin moriyar hannunsa duk mako. A idon ofishinsu wannan aiki ne. Abu ɗaya ne ba sa kira aiki, shi ne mutum ya taimaka a gidansu, cikin iyalinsa.

Ta juya wajen Injiniya. "Ɗan haya ba ya kwanciya ƙarƙashin injin mai gida duk Asabar a banza. Me ya haɗa ku?"

Ya ce shi mutum ne mai son inji, tun yana yaro. Ta ce ita ma tana son furanni, amma ba ta zuwa gidan wanda take haya a wurinsa ta yi masa ban ruwa. Ya saci kallon Baba. Na san abin da ya hana shi faɗin gaskiya. Baba bai ba shi aurena ba, kuma shi ba zai taɓa ɗaukar sunana ya kare kansa da shi a gaban Baba ba, ko da kuwa jirgi na jiransa a waje. Ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da wata amsa.

Matar ta ɗaga kafaɗa ta mayar da ido kan kwamfutarta.

'Yan uwa, ni da ko sunan Injiniya ban taɓa furtawa a gaban Baba ba. In ana maganarsa tashi nake in shige kicin. Amma na hango ɗakin sama a rufe, na hango matakala ba kowa, sai kawai na ji murya ta fito, kuma tawa ce.

"Saboda ni ne."

Kowa ya juyo. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma tunda na fara sai na ƙarasa, idona a kan takalmina. Na ce ya nemi aurena a wurin Baba, Baba bai amsa ba tukuna, shi ya sa ba zai iya faɗa ba. Gwaggo ta ce yaran zamani ido a tsaye. Umma ta ce mata Yaya a yi haƙuri a bari a ji.

Matar ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta juya ga Baba. Ta ce ita ba ta zo haɗa aure ba, ba kuma ta son a faɗa mata abin da ba shi ne ba don a ceci kati, irin wannan ya fi aikin Asabar muni. Gaskiya kawai take so ta rubuta.

"Mai gida, wannan mutumin ma'aikacinka ne, ko ɗan hayarka ne, ko mene ne shi a wurinka?"

Baba ya ɗora hannu a jikin Tsohuwa yana shafa ta. Ya kalli kalandar da ya kwashe sati yana yi, wadda bai taɓa sa hoton ɗan Adam a kanta ba, ko nasa, ko nawa. Ya kalli Injiniya da ke zaune kan takardu kamar wanda ake jira a yanke wa hukunci. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, wajen injin yake kallo.

"Surukina ne."

"Ban ji ba, mai gida."

"Na ce surukina ne. Na ba shi. Tun ranar da ya fito daga ƙarƙashin injin nan na ba shi a raina, bakina ne bai sami labari ba."

Umma ta juya baya tana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara. Injiniya ya zame daga kan takardun ya durƙusa, tabaransa ya yi hazo. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗauki tire na riƙe.

Matar ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Da ta gama ta ce za ta rubuta abin da ta gani: ba a biya shi ba, taimakon gida ne, kuma an yi kuskure cikin rashin sani. Za ta ba da shawarar a sabunta, kuma ba ta ga abin da zai hana ba. Amma da sharaɗi. Kalandun nan duka a karɓo su yau. Rigar shago ta koma ƙusa. Ba shi ba taɓa Tsohuwa har sai an ɗaura, in an ɗaura kuma a kai musu shaida, don abin da mai gida ya faɗa ya shiga rubutu, za a waiwayo shi.

Baba ya amsa duka da to. Har ta miƙe za ta hau duba ɗakin, sai ya kasa haƙuri ya tambaye ta ko sabon katin ma yana da ranar ƙarewa. Ta ce yana da ita, amma mai irin aikinsa in ya yi wasu shekaru ba matsala yana iya neman zama na dindindin, kuma shi ya kusa kaiwa. Baba ya juya ya tambayi Injiniya don me bai taɓa gaya masa haka ba. Injiniya ya ce ya faɗa, har sau da yawa, sai dai duk lokacin Tsohuwa tana aiki, Baba kuma yana gyaɗa kai.

A nan matar ta kasa dannewa, ta yi dariya har da dafa kanta. Ta duba ɗakin, ta sauko, ta yi mana sallama. Kalandar tata kuwa ta ce a bar mata, ba ofis za ta kai ba, launin ne ya burge ta.

Tana fita Baba ya dawo Baban da muka sani. Ya sha mur ya ce kada kowa ya ɗauka an yi masa dabara, shi da ma ya yi niyya. Gwaggo ta ce to ita yanzu me za ta ce wa mai tayal. Umma ta ce ta ce masa ya zo ya gyara daɓen falo, tunda da ma shi yake so. Na fara tattara kofuna zan gudu sama, Baba ya ce in tsaya inda nake.

Ya miƙa wa Injiniya hannu. "Kira mini mahaifinka. Na gaya wa gwamnati magana, ba zan bari ta riga iyayenka ji da nisa ba."

Injiniya ya lalubo wayarsa, ya danna, ya sa ta a fili yadda kowa zai ji. Ta yi ta ƙara a can wata ƙasa, mu kuma muna tsaye cirko-cirko a tsakanin damman takardu. Baba ya gyara hula, ya gyara murya, ya shirya gaisuwar manya. Aka ɗauka. Muryar mace ce, mai kauri, tana jan kalmomi irin nasa. Injiniya ya ce Mama ce, ya fara bayani cewa ga mai gidan da yake haya yana son magana da mahaifinsa. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Babanka ya fita, kuma maganar maza ta jira," ta ce. "Yarinyar nan da ka hana ni barci da zancenta, tana kusa? Ba ni ita."

Baba ya kalli wayar, ya kalle ni. Gaisuwar da ya shirya tana nan a bakinsa bai sauke ba. Sannan ya karɓi wayar daga hannun Injiniya, ya tako da kansa har inda nake, ya zare tiren daga hannuna ya sa mini ita.

"Yi magana, Malama," ya ce. "Ɗazu ai ba ki ji kunyar kowa ba."